Takardar Ticha

Shekara goma sha ɗaya Lorne Haskett yana auren 'yar Orval Sandvik, kuma a tsawon shekarun nan surukin nasa bai taɓa kiransa da sunansa ba. Ticha yake ce masa. Ba ƙarya ya yi ba, lissafi Lorne yake koyarwa a sakandaren garin Tolman, amma akwai yadda tsohon yake jan kalmar a bakinsa da ko yaro ya san ba girmamawa ba ce. A Tolman namijin da bai taɓa kayar da elk ba, wato ƙatuwar barewar dutsen nan da ta kusa kai girman sa, ana gaisawa da shi, ana cin abinci da shi, sai dai in maza suka zauna hira zai ga kujerarsa ta koma gefe ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Lorne kuwa ɗan birni ne, a Spokane ya tashi, ubansa ma'aikacin gidan waya, bindiga sai dai ya gani a talabijin.

Duk shekara in ganye ya fara ja, Orval da abokansa sukan loda a-kori-kura su hau dutse su yi sati guda. Lorne yakan taya su ɗaure kaya, sannan ya tsaya bakin titi tare da mata yana ɗaga musu hannu. Bai taɓa cewa a tafi da shi ba, su ma ba su taɓa yi masa tayi ba. Abin yana ci masa rai fiye da yadda yake nunawa.

Matarsa Tressa ce ta kawo maganar, wata ranar Lahadi suna wanke kwanuka. Ta ce me zai hana ya shiga ajin koyon farauta da ake yi a ɗakin taro na gari, in ya gama ya jefa sunansa a ƙuri'ar Kwarin Garrity. Lorne ya yi dariya, don kowa ya san Garrity. Can ne manyan bijiman elk suke, masu ƙaho kamar reshen bishiya, kuma takardar izinin harbi goma kacal hukuma take bayarwa a shekara, masu nema kuwa dubbai. Ƙuri'a ce zalla, babu ruwanta da tsoho ko sabon shiga. Orval kansa shekara ashirin da shida yana jefa suna, ko sau ɗaya bai fita ba. Tressa ta ce ai ba a biyan tara don an gwada. Ita ta cika masa takardun, shi dai hannu kawai ya sa.

Ya jefa sau ɗaya, ya fita. Irin wannan abu ne yake sa mutumin kirki ya fara hararar duniya.

Ranar da sakamako ya fito, kafin la'asar motar Orval tana ƙofar gida. Tsohon da in ya zo gidan 'yarsa ba ya wuce baranda, ranar har kicin ya shigo da takalmansa na aiki.

"Ɗana, ina takardar? Kawo mu gani."

Lorne ya waiga ya ga ko akwai wani a bayansa. Babu kowa, da shi ake. Orval ya karɓi takardar da hannu biyu, ya sa tabarau ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama. Da ya gama ya dafa kafaɗar Lorne ya ce ba zai bar ɗansa ya shiga Garrity kamar makaho ba, shi da kansa zai koya masa, shi zai raka shi. Lorne yana da shekara arba'in da huɗu, amma a ranar sai da ya shiga banɗaki ya share hawaye.

Daga nan karatu ya fara, kuma gaskiya Orval malami ne. Duk Asabar sukan je tsohon ramin tsakuwa a bayan gari, Lorne ya yi ta harbin kwali har kafaɗarsa ta yi taruwar jini. Bindigar ma ta Orval ce, wadda ya kashe elk ɗinsa na farko da ita, ya ciro ta daga kabad ya miƙa masa. Ya sa shi cika jaka da yashi yana hawan tudun bayan makaranta kowace safiya, ɗalibai suna leƙowa ta taga suna dariya. Ya koya masa watsa gari a iska don ya ga inda take kaɗawa, saboda elk zai iya ganinka ya yi shakka, zai iya jin motsinka ya tsaya, amma in ya shaƙi warinka ka gama farautar ranar. Ya koya masa bambanta sawun bijimi da na saniya, da kashin jiya da na yau. Lorne yana da ɗan littafi a aljihu yana rubuta komai, Orval yana tsokanarsa wai dabbar ba ta iya karatu ba balle ta bi abin da aka rubuta.

Doka biyu ce tsohon ya fi nanatawa. Kada ka harba sai dabba ta juya ta ba ka haƙarƙari, don wanda ya harbi ƙirji ko gindi raunata ta kawai zai yi, ta je ta mutu a wahale inda ba mai ganinta. Ta biyu kuma, kada ka harba sai na ce. Sabon mafarauci jininsa yana gaba da hankalinsa, in ji Orval, shi ya sa ake tsaya masa. Lorne ya ga hikimar dokokin duka biyu, ya ja musu layi a littafinsa.

A cikin watannin nan ya san surukinsa fiye da yadda ya san shi a shekara goma sha ɗaya. Ya san gwiwarsa ta hagu ƙarfe ne a ciki. Ya san ba ya shan kofi sai ya yi baƙi ƙirin. Ya ji labarin yadda ya yi neman Verla, uwar Tressa, da aron mota da aron riga. Lorne ubansa ya daɗe da rasuwa, kuma bai san yana kewar a kira shi ɗa ba sai da aka kira shi. Ya so tsohon nan so na gaske, wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Farkon Oktoba suka shiga Garrity su biyu, suka kafa tanti a bakin rafi. Orval ma ya rataya tasa bindigar. Ya ce ya yanki takardar kyarkeci, ko za a dace, kuma ba a yawo a dajin nan hannu sake. Kwana uku suna hawa suna sauka ba su ga komai ba sai sawu da bishiyoyin da bijimai suka goge ƙaho a jiki. Ƙafafun Lorne suka yi kanta, amma bai yi ƙorafi ba. Tsohon kuwa kullum maganarsa tana raguwa, in sun zauna cin burodi da wake sai ya zuba wa dutse ido.

Rana ta huɗu, gari ya fara wayewa ke nan, suna kan wani tudu da ke fuskantar fili, suka ji kukan bijimi. Yana farawa can ƙasa kamar gurnani, ya hau ya zama fito mai tsini, ya ƙare da tari. Lorne ya sha ji a waya, amma a waya gashin jikinsa bai tashi ba. Orval ya watsa gari, iska tana busowa fuskarsu. Suka ja ciki har bayan wani kututture.

Shanun elk shida suka fara fitowa daga cikin bishiyoyi suna kiwo. Sai ga shi a bayansu. Wuyansa baƙi, jikinsa ruwan ƙasa, tururi yana fita daga hancinsa, ƙahonsa tsini bakwai kowane gefe. Lorne ya ji numfashin Orval ya tsaya. Tsakaninsu bai fi taku ɗari biyu ba, daidai nisan kwalin ramin tsakuwa.

Lorne ya ɗora bindiga a kan jaka, ya kwanta kamar yadda aka koya masa, ya sa ido a madubin hangen da ke kan bindigar. Abin mamaki, hannunsa ko motsi. Duk tsoron da ya yi wata huɗu yana yi, na rawar jiki da ruɗewa, babu ko ɗaya. Bijimin yana fuskantarsu, don haka ya jira.

"Dakata," in ji Orval a kunnensa.

Bijimin ya taka biyu, ya juya, ya ba da haƙarƙari gaba ɗaya, ya tsaya cak. Lorne ya daidaita a bayan kafaɗa, ya saki rabin numfashi, yatsansa a kan kunama.

"Baba, ya juya."

"Dakata tukuna."

Ya dakata. Wata huɗu ana koya masa dakatawa, kuma shi ɗalibi ne mai jin magana.

Ƙarar ta tashi a gefen kunnensa na dama. A cikin madubi ya ga bijimin ya zabura, ya yi gudu kaɗan, ƙafafun gaba suka lanƙwashe, ya kife. Shanun suka watse cikin daji. Abin da ya fara zuwa ran Lorne kunya ce, ya ɗauka shi ne ya ja kunama ba da sani ba, ya karya doka. Har ya buɗe baki zai ba da haƙuri. Sai ya ja makullin bindigar baya, harsashi ya faɗo kan ciyawa, lafiyarsa ƙalau, ko ɗumi bai yi ba. Ya juya. Orval yana durƙushe da gwiwa ɗaya, tasa bindigar a kafaɗa, kwanson harsashi a gefen takalminsa.

Suka gangara. Tsohon yana gaba yana ɗingishi da sauri, saurin da Lorne bai taɓa gani a wurinsa ba. Da ya isa ya zube a gaban dabbar, ya kama ƙahon da hannu biyu yana shafa tsinin ɗaya bayan ɗaya, hawaye yana bin gemunsa. Lorne yana tsaye yana kallo, kunnensa na dama yana ƙara.

Can Orval ya share fuska da hannun riga, ya miƙo tafin hannu ba tare da ya ɗago ba.

"Kawo takardar."

Kowa ya san abin da ake yi da takardar. Wanda ya kashe dabba yana sa wuƙa ya yanke wata da rana a gefenta, ya ɗaura ta a jikin naman tun kafin a motsa shi. Da an yanke ta mutu, ba ta sake aiki. Kuma mai suna a jiki shi kaɗai doka ta yarda ya harba. Wannan shi ne darasin farko a aji, har ya fito a jarrabawa.

"Baba, me ya sa?"

"Hannunka yana rawa. Da ka ɓata shi."

"Hannuna bai yi rawa ba. Kana kusa da ni, ka gani."

Orval ya mai da ido kan ƙahon. Da ya sake magana muryarsa ta sauko, babu faɗa a ciki, kuma wannan ya fi ciwo. Ya ce shekararsa saba'in da uku. Likita ya gaya masa ɗaya gwiwar ma ta kusa, baɗi war haka ko bene ba zai hau ba balle Garrity. Shekara ashirin da shida yana jiran takardar nan, ta tsallake shi ta faɗa hannun mutumin da bara bai san gaban bindiga da bayanta ba. Ya ce Lorne yana da sauran shekaru a gaba, zai samu wani.

"Da ka tambaye ni mana," in ji Lorne.

"Da ka yarda?"

Lorne ya kawar da kai, don shi ma bai sani ba.

"Ka gani ko? Na san ka, Ticha, kai mutumin littafi ne. Mu a gidanmu haka ake yi tun zamanin ubana, takarda ta gida ce, duk wanda ta fito da sunansa. Verla elk uku ta kashe a takarda, ita da ko ɓera ba ta iya kallo."

Ticha. Bai ma san ya faɗa ba, haka kalmar ta zamo daga bakinsa kamar ba ta taɓa tafiya ba. Nan Lorne ya shiga lissafi, aikinsa ke nan. Ramin tsakuwa, jakar yashi, tsohuwar bindiga daga kabad, labarin aron riga, dokar nan ta biyu da ya ja wa layi da hannunsa. Ya rasa wanne ne na gaske a ciki, wanne ne kuma hanyar da za a bi a kawo takarda cikin Garrity da ƙafafunta. Ya ji an ci amanarsa, kuma ya ji wauta, irin wautar babban mutum da aka yi wa wayo da alewa.

Takardar tana aljihun ƙirjinsa cikin leda. Zai iya barinta a can. In ya bar ta, dabbar nan ta zama ta sata, Orval kuma ɓarawon daji. Malamin daji zai karɓe bindiga, ya karɓe ƙaho, a hana shi farauta, sunansa ya fito a jaridar gari inda ake jera masu laifi, a garin da mahaifinsa ya gina coci. Wannan uban Tressa ne, kakan 'ya'yansa. In kuma ya yanke, shi ma ya shiga laifin tsundum, ya zama malamin makaranta mai ƙarya a rubuce, kuma takardar da wataƙila ba zai sake gani ba har ya mutu ta tafi a kan harbin da bai yi ba.

Rana ta leƙo ta kan dutse ta sauka a jikin dabbar. Ƙuda na farko ya iso. Orval ya dubi rana ya dubi Lorne, ya ce in ba a buɗe cikin nan yanzu ba naman zai yi tsami tun daga ƙashi, kuma wannan gaskiya ne, shi ma yana cikin littafin.

Lorne ya ciro takardar, ya ɗora a kan gwiwarsa, ya yanke Oktoba, ya yanke huɗu. Wuƙar ma Orval ne ya wasa masa ita.

Tsohon ya sauke ajiyar zuciya, nan take ya koma malami. Riƙe ƙafar nan, ja fatar can, kada gashi ya taɓa nama. Ya buɗe bakin bijimin ya ɓanɓaro haƙoran nan biyu masu santsi da mafarauci yake ajiyewa, waɗanda ake yi wa mata 'yan kunne da su, ya goge a wando ya jefa a aljihun rigarsa. Bai ko yi tunani ba, hannunsa ne ya san na wane ne. Sannan ya ce a ɗauki hoto, Lorne a bayan ƙaho da bindiga, wannan na mutanen gari. Ya miƙo waya ya ce shi ma a ɗauke shi ɗaya, wannan namu ne mu kaɗai. A nasa hoton bakinsa har kunne.

Da suka gama ya tsoma yatsu biyu a jini ya nufo fuskar Lorne, kamar yadda ake shafa wa duk wanda ya yi kisan farko, don a gani in an koma gari. Lorne ya riƙe masa wuyan hannu.

"Wannan kam a'a, Baba."

Orval ya dube shi, ya goge yatsun a ciyawa, bai sake tayar da maganar ba.

Nama ya tashi kaya huɗu ban da ƙaho, mota kuwa tana bayan tudu, tafiyar awa biyu. Gwiwar tsohon ba za ta ɗauki komai ba, don haka ya zauna gadin nama, Lorne ya goya kayan farko ya kama hawa. Igiyar jaka tana cin kafaɗarsa, amma hankalinsa ba ya can. Tressa yake tunani. Ita da take ganin ubanta kamar ba ya kuskure, yaya zai gaya mata? Ya shirya magana ya rushe, ya sake shiryawa. Ya ga in ya faɗa mata zai raba 'ya da uba a kan dabba. Kafin ya kai saman tudu ya yanke shawara zai haɗiye abin shi kaɗai. Zai ce mata ya samu, ta yi murna, ya ɗauki wannan ƙaryar har kabari saboda ita. Shawarar ta ɗan sanyaya masa rai, ko ba komai akwai mutum ɗaya da zai kare a cikin wannan ƙazamar rana.

A saman tudun ne kawai waya take kamawa. Ya jingina jakar da dutse, ya kira. Bugu ɗaya ta ɗauka, da alama wayar tana hannunta.

"Lorne? Yaya? Baba ya samu?"

Iska tana kaɗa ciyawa a gabansa. Ya cire wayar daga kunnen da yake ƙara ya mayar ɗaya kunnen.

"Wa ya ce miki Baba ne zai harba?"

Yana jin rediyon kicin ɗinsu a bayanta, da ƙarar famfo da ta manta ba ta rufe ba. Da ta buɗe baki maganar ta zo da gudu, a haɗe. Don Allah kada ya ɗauki abin da zafi, bai ga yadda Baba yake zama duk shekara in sakamako ya fito ba, ita da Mama suna jefa suna a ƙuri'ar Garrity tun tuni ba su fita ba, ƙarin suna ɗaya ƙarin sa'a ne, ba wanda ya zaci zai fita tun a karon farko. Ta so ta gaya masa, sai ta ga yadda yake dawowa daga ramin tsakuwa yana fara'a, ta kasa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Lorne, don Allah."

"Tun yaushe, Tressa?"

"Tun kafin in kawo maka maganar ajin."

Ya zauna a kan dutsen. Can ƙasa a cikin fili yana hango rigar Orval mai ruwan lemo, ɗan ɗigo a gefen ƙaho, tsohon ya ɗaga hannu yana yi masa alama ya yi sauri. Bai ji haushi ba a lokacin, haushin sai daga baya ya zo. Abin da ya ji kaɗaici ne, irin wanda bai taɓa ji ba ko a shekarun da yake tsayawa bakin titi, don a lokacin yana ganin akwai mutum ɗaya a gidan Sandvik da take gefensa.

"Kana ji na?" in ji Tressa. Ta ɗan jira, sannan a hankali, don ta kasa daurewa, ta ce, "Babba ne dai ko?"

"Babba ne," ya ce, ya kashe wayar.

Ya kai kayan mota, ya juye, ya ɗauki jakar wofi ya kama hanyar komawa. Saura kaya uku, kuma babu mai ɗauka sai shi.